Ramin da Na Haƙa a Daɓen Inna

Shekara ashirin da 'yan kai ina cin abinci da haƙa rami a inda mutane suka gama aiki. In aka cire ado, sana'ata ke nan. Ɗan kwangila zai zuba jar ƙasa a kan hanya, tankar ruwa ta yayyafa, rola ta bi ta danne har wuri ya yi sumul, kowa ya share gumi, sai ga ni tafe da guduma da ƙarfen haƙa da bokitin yashi. In durƙusa in huda musu aiki. Ban taɓa sauka daga mota na ga fuskar da ta yi murna da zuwana ba, kuma na daɗe da daina nema.

Ɗakin gwajinmu yana Funtua, can ƙuryar yadin wani kamfanin gina hanya, rufin kwano, taga ɗaya. Abin da muke yi a ciki ba shi da wuyar ganewa, mu ne dai muke ɗaure fuska don a zaci da wuya. Za a kawo mana buhun ƙasar da ake son yin aiki da ita. Mu shanya, mu farfasa, mu tankaɗe, mu yayyafa ruwa kaɗan mu cakuɗa. Akwai wani gwangwanin ƙarfe mai kauri da bai cika mudu ba. Sai a zuba ƙasa sulusinsa, a saki wata taɓaryar ƙarfe a kanta sau ashirin da bakwai, kowane duka daga tsayi ɗaya. A ƙara sulusi na biyu, a sake ashirin da bakwai. Na uku ma haka. A aske bakin gwangwanin, a ɗora a sikeli, a ɗebi ɗan kaɗan a kwano a sa a tanda ya kwana don a san yawan ruwan da ke ciki. Daga nan a juye, a ƙara ruwa, a sake daga farko, har sau biyar. Nauyin ƙasar zai yi ta hawa, ya kai wani matsayi, sannan ya fara sauka, domin ruwa in ya yi yawa shi ne ke shiga tsakani ya hana ta haɗuwa. Wannan matsayin na sama shi ne iyakar abin da ƙasar za ta iya.

Da shi nake zuwa wurin aiki. In haƙa ɗan rami da bai kai taƙi ba a zurfi, in kwashe ƙasar tas a leda in auna. In cika ramin da yashin da na riga na san nauyinsa, shi zai gaya mini girman ramin. Idan abin da na samu ya kai kashi casa'in da biyar cikin ɗari na abin da gwangwani ya nuna, in sa hannu. Idan bai kai ba, a sake aiki. Duk sirrin yana cikin zubi ukun nan da muke yi a gwangwani: duka ba ya nisa a cikin ƙasa. Ko rola mai girman ɗaki ce, ƙarfinta bai wuce taƙi ɗaya da ɗan abu ba. Shi ya sa ake shimfiɗa ƙasa siririya, a danne, a ƙara shimfiɗawa, a danne. Na faɗa wa direbobi da 'yan kwangila wannan magana har bakina ya gaji. Mutanen gidanmu ne kawai ban taɓa faɗa wa ba.

Ƙauyenmu yana tsakanin Malumfashi da Tsiga, a gefen wani rafi da ke cika da damina har ya hana jakuna tsallakawa, ya kuma ƙafe tun ba a gama sussukar dawa ba. Rabinmu Kirista, rabi Musulmi, kaka ɗaya. Masara muke nomawa da dawa da waken soya, auduga kuwa ta zama ta tsofaffi masu taurin kai. Daga watan uku rijiyoyi sai su koma ba da laka. Mata su ɗauki jarkoki su nufi wata fadama mai tafiyar awa guda, su tona yashi, su zauna jiran ruwa ya tsatso.

Mahaifiyata, Inna, ita ce uwar daɓe a ƙauyen. In mutum ya gina sabon ɗaki, maza za su kawo burji su zuba a ciki, su baje, su fita. Sai mata su shiga, kowace da madaɓinta na icce, su jera a durƙushe, su yi ta duka suna yayyafa ruwan makuba, wato ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, har ƙasa ta yi duhu tana sheƙi. Namiji ba ya tsayawa a wurin. Ba wanda ya kafa doka, waƙoƙin da suke yi ne ba na kunnen namiji ba, in kuwa tsautsayi ya sa ka gifta, za su saka ka a waƙa kai da duk abin da Allah ya ba ka. Inna ce shugabar matan zumunta a coci. Ranar Lahadi ka gan ta da farin kallabi, sai ka rantse ba ta san wata waƙa ba sai ta littafi. Amma fasto da liman duk sun san hanyar da za su bi ranar daɓe, kuma ba ta nan ba ce.

Daɓen Inna ba ya tsagewa. Akwai ɗakunan da bangonsu ya zube, rufin ya tafi, daɓen yana nan awaki na kwanciya a kai. Ni ɗan farinta ne, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. "Kai" take ce mini, ko "mutumin Funtua" in tana magana da wasu. Da na fara aiki ta tambaye ni me ake yi a ofishin namu, na kwatanta mata gwangwani da taɓarya. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce ashe duk bokon nan daɓe aka tura ni koyo, ai da na faɗa tun farko da ta koya mini a gida, har da waƙar.

Wata shekara bayan girbi, ƙanin mahaifina, wanda shi ne mai unguwa, ya kira ni a waya. Ya ce sun yanke shawarar datse rafi. Wata ƙungiya daga birni ta yi musu alkawari: in mutanen gari suka tada bangon ƙasa da ƙarfinsu, ita za ta gina mafitar ruwa ta siminti a gefe, inda ambaliya za ta riƙa bi in dam ya cika. Sharaɗi ɗaya ne, sai wani masani ya gwada bangon ya sa hannu. Ya ce sun ce musu ai masani a gida muke da shi. Lokacin ina wani aikin hanya wajen Musawa, rola ta lalace, injiniya yana tsaye a kaina yana huci. Na ce, "Madalla, Baba, Allah ya taimaka," na kashe waya. A raina na ce maganar dam ɗin nan tun ina firamare ake yin ta. Minti biyu ya ishe ni in ce masa ku zuba kaɗan, ku daɓe, ku ƙara. Ban ce ba. Wata biyar ban taka ƙauyen ba, alhali tsakanina da shi bai kai tafiyar awa biyu ba.

Ana tsakiyar zafin bazara ya sake kira. Ya ce an gama, in zo da kayan aikina.

Na hau babur daga Malumfashi da akwatin kaya ɗaure a baya. Tun daga nesa na hango shi, sai da na ce wa mai babur ya tsaya. Bango ne ja, ya tare rafin daga wannan tudu zuwa wancan, a tsakiya ya fi tsayin mutum biyu, samansa faffaɗa har amalanke zai iya bi. Yana sheƙi a rana. Na yi aiki da manyan injuna a wurare da yawa, ban taɓa ganin bangon ƙasa mai kyan wannan ba. Gaskiya alfahari ne ya fara cika mini ƙirji. Sai daga baya tsoro ya biyo, domin na san irin wannan sheƙin, a kansa na yi rarrafe.

Gari duka ya fito. Mai unguwa ya riƙe hannuna muna tafiya a kan bangon yana ba ni labari. Gayya suka yi, wata huɗu cur. Masu amalanken shanu, masu jakuna da mangala, masu baro, wanda ba shi da komai ya zo da kwanon kai. Ranar Juma'a 'yan coci ne ke riƙe aikin, ranar Lahadi masu salla. Har Fulanin ruga sun ba da aron bijimai. Wani dattijo sa'an mahaifina ya cire hula ya nuna mini tsakiyar kansa, gashi ya ƙare a inda gammo ke zama.

"Da muka ga ya kai inda aka sa alama," in ji mai unguwa, "sai muka baje shi, muka kauce, muka bar ma iyayenka mata. Kwana tara suna duka. Makuba kuwa, babu ɗorawar da ba a kakkaɓe ba daga nan har Tsiga."

Na ce, "Baba, kafin ya kai sama fa? Tsakanin zubi da zubi, wa ya danne?"

Ya tsaya ya dube ni. "Wane irin dannewa kuma? Ana daɓe ba a gama zubi ba? Ka taɓa ganin an kira mata ɗaki maza na ciki da kwando? Ai mun tattaka shi, shanu ma sun bi ta kai."

Na durƙusa a tsakiyar bangon na ajiye farantin awo. Inna tana gaban mata, hannu a ƙugu. Ƙarfen haƙa ya yi ta tsalle yana dawo mini, sai da na jiƙe da gumi kafin na fasa saman. Mata suka rangaɗa guɗa. Wata ƙawar Inna ta ce, "Ɗan nan, a kawo maka gatari ne?" Wuri ya kaure da dariya. Na haƙa ramina na ƙa'ida, na kwashe ƙasar, na zuba yashi, na ɗaure leda. Ko ba sikeli na san wannan ya wuce gwaji.

Da a nan na tsaya, ba wanda zai ce na yi ha'inci. Ƙa'ida a sama ta ce a haƙa, domin ta ɗauka an riga an gwada kowace shimfiɗa da ke ƙasa. Na kwashe yashina zan miƙe, sai na hango rodin da suka kafa alama da shi yashe a gefe. Na ce a miƙo mini. Na dasa shi a gindin ramin, na ɗora hannu ɗaya na danna. Ya shige. Ban ko jingina jikina ba. Ya tafi kamu ɗaya, ya tafi kamu biyu, kamar a buhun dusa, har hannuna ya taɓa bakin rami. Dariyar ta ɗauke.

Na matsa taku ashirin na fasa wani wuri, haka. Wuri biyar na fasa. A na uku na sa aka haƙa har ƙugu, na shiga na yi awon yashi a can ƙasa. A na biyar ne Inna ta matso.

"Kai. Ramukkan nan da kake ta hudawa, wa zai toshe su?"

Na ce zan toshe, Inna.

"Da me? Ka iya?"

Na koma Funtua da ledoji goma da buhu guda daga kududdufin da suka ɗebi ƙasa. Ƙasar mai kyau ce, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Jar ƙasa mai ɗan yumɓu, irin wadda kowane injiniya ke addu'ar samu. Rana ta biyu aka ɗauke wuta, na juye abin da ke tanda a kasko na ɗora a risho, ina juyawa kamar mai suyar gyaɗa. Sau biyu na maimaita gwajin, alfarmar da ban taɓa yi wa ɗan kwangila ba. Saman bangon ya haura ɗari bisa ɗari, wato hannun matan ƙauyenmu ya fi taɓaryar ƙarfena. Na ƙasa kuwa ko tamanin bai kai ba.

Abokin aikina, wani dattijon Bazazzage da muka daɗe tare, ya leƙo takardar ta bayan kafaɗata. Ya ce, "Malam, ai kana da sakamako mai kyau a hannu. Rubuta na sama. Ba ƙarya ka yi ba, abin da sikeli ya nuna ne." Na ce in ruwa ya taru fa? Ya ce ƙasa za ta zauna da kanta, ya ga irinsu da yawa sun tsaya. Na ce waɗanda suka tafi fa, ko ranar yana hutu ne? Ya ɗauki butarsa ya fita. Ina da zuciya, kowa ya sani. Fushin ranar da kaina nake yin sa, amma a kansa na sauke.

Ranar Asabar da la'asar aka taru a ƙofar gidan mai unguwa. Na san lissafi ba zai shiga kunnen kowa ba, don haka na sa aka kawo bokiti. Na cika shi da ƙasar dam, na karɓi aron madaɓi na daki saman har ya yi tauri, sannan na kife shi a gabansu. Saman ya faɗo a dunƙule kamar faifai, sauran ya zube gari. Na ce haka bangonmu yake, saman ya fi na taɓaryar ƙarfena tauri, cikinsa kuwa gari. Liman ne ya fara magana, ya ce to mene ne magani.

Na ce a fasa bangon a tsakiya kafin ruwa ya sauka, rafi ya samu hanya. In rani ya zo a rushe a sake. Zubi yatsa huɗu, daɓe, zubi yatsa huɗu, daɓe, maza da mata a wuri ɗaya, rana ɗaya.

Wani ya yi dariya daga baya. Wani ya ce wato a rushe wata huɗu ke nan. Dattijon nan mai sanƙon gammo ya ce kakanninmu sun tada ganuwa ba su san gwangwani ba. Na ce ganuwa ba ruwa take riƙewa ba. Aka yi ta ja, kowa na faɗin tasa, har zuciyata ta ɗebe ni na ce, "Wannan fa ba dam ba ne, tulin ƙasa ne aka shafa wa mai." Na manta mata suna bayan zana suna ji.

Mace ba ta magana a irin wannan zama, amma Inna ta fito. Ba ta ɗaga murya ba.

"Shekara arba'in ina daɓe. Nuna mani ɗaki ɗaya da ya tsage."

"Inna, burjin ɗaki yatsa huɗu ne. Wannan ya fi mutum biyu."

"Kai da bakinka ka ce saman ya fi na ƙarfenka."

"Na ce."

"To rubuta abin da ka ce."

Da aka watse mai unguwa ya ja ni gefe. Ya ce, "Ɗana, ba ƙarya muke so ka yi ba. Sa masu hannu a takarda su zo su zuba simintin nan, abin da ya rage mu da Allah ne." Na ce Baba akwai gidaje shida a ƙasan bangon nan. Ya ce ya sani, ai ɗaya na 'yarsa ne.

Na rubuta duka biyun, na sama da na ƙasa, na aika. Ƙungiyar ta amsa cewa babu siminti sai an sake bango, ta kwashe alkawarinta ta kai wani gari. Ba wanda ya fasa bangon. Sai suka ɗauki fartanya da diga suka haƙa gwalalo a gefe ya zama mafitar ruwa. Abu ɗaya kawai na iya: gidaje shidan nan suka kwashe zuwa wurin dangi a kan tudu, shi ma don fasto da liman sun sa baki ne, ba don ni ba.

Damina ta sauka, ruwa ya fara taruwa. Zuwa ƙarshen watan bakwai ƙauyenmu yana da tafki. Shanu suna sha, mata suna wanki a bakinsa ba tare da sun yi tafiyar awa guda ba. Wani ya kawo 'ya'yan kifi daga Malumfashi ya zuba, masu gonakin gefe suka fara neman irin tumatir da albasa. Kowace Asabar nake zuwa. Ana amsa gaisuwata a taƙaice, sannan a bi ni da kallo in na gangara bayan bangon ina duba gindinsa. Allah ya sani na roƙe shi ya kunyata ni. Ban taɓa son zama maƙaryaci kamar a wannan daminar ba.

Farkon watan takwas na ga wani wuri ya jiƙe a gindin bangon ta baya. Asabar ta gaba ruwa ne ke tsiyaya, fari tas. Ta gaba kuma ya koma ja kamar kunu. Jan ruwa yana nufin bangon ne yake fita ta ciki, kaɗan-kaɗan. Na samu mai unguwa na ce masa kwanakinsa ƙirgaggu ne. Suka cusa buhunan ƙasa a wurin, washegari mata suka zo suka daɓe kansa.

Ranar Talata ce da hantsi, rana ƙal, ko hadari babu. Ina Funtua aka kira ni. Kafin in isa da azahar komai ya ƙare. Bangon ya tsage a tsakiya, giɓin da manyan motoci biyu za su wuce a jere. Masarar da ke ƙasa, wadda ta fara goyo, duk ta kwanta cikin jan taɓo iya ganin ido. Uku daga gidajen nan shida sun zube, da rumbu biyu da awakin da ba a kwance ba. Ba a rasa rai ba. A gefe da gefen giɓin daɓen saman yana nan lafiyarsa ƙalau, ya miƙo a sarari kamar bakin rufi, ƙarƙashinsa kogo.

Na hau ta gefen da ya rage na duba fuskar bangon ta wajen tafki. Ruwa yakan bar zane a iyakar inda ya kai. Na ciro tef na auna daga zanen zuwa bakin gwalalon da suka haƙa. Saura kamu biyu. Ruwan bai taɓa kaiwa mafita ba, ko ta ƙasa ce ko ta siminti. Ta cikin bangon ya bi. Ni kaɗai na ga wannan, sauran mutane suna ƙasa suna tono abin da ya saura.

Amma tun kafin in iso gari ya riga ya gama shari'a: da an zuba siminti da bai fashe ba, wanda ya hana siminti kuwa an san shi. Wani da gonarsa ta tafi gaba ɗaya ya nuna mini taɓon da haɓa ya ce, "Ga takardarka nan, Malam."

Ƙanwata ta ce Inna ta shiga ɗaki ba ta fita. Kwana huɗu ba ta ci abin kirki ba, Lahadi ta zo ba ta je coci ba, abin da ba a taɓa gani ba ko ranar da aka binne mahaifinmu. Na shiga wurinta da rana. Tana zaune a ƙasa ta miƙe ƙafa, ta jingina da bango. Ta haura saba'in lokacin, amma sai ranar na ga tsufanta. Na gaishe ta. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Kai. Tsakaninka da Allah. Hannuna ne ya ci masarar mutane?"

Tef ɗin yana aljihuna. Amsar gaskiya doguwa ce, cewa ba hannunta ba ne, tsarin aikin ne, maza su gama sannan mata su fara, da kuma ɗanta da ya kashe waya. Amma na san duk yadda na juya ta, "eh" za ta ji. Tausayinta ya kama ni.

Na ce, "A'a, Inna. Daɓenki bai tsage ba, yana nan, ki je ki gani. Siminti ne babu."

Ta sauke wani dogon numfashi. Ta ce, "Haka na ce masu." Sai ta ƙwala wa ƙanwata kira ta ce a kawo mata fura.

Kafin faɗuwar rana gari duka ya ji cewa mutumin Funtua ya amsa laifinsa da bakinsa. Na karɓa. An daina kira na taro, in na zo biki a nuna mini tabarmar baƙi. Mata suka koma ɗaukar jarkoki zuwa fadama. Na ɗauka ni kaɗai maganar za ta ci, kuma a ganina ta yi araha tunda Inna ta koma cin abinci.

Bayan shekara biyu ƙanwata ta kira ni. Ta ce wasu mutane daga wani ƙauye gaba da Tsiga sun zo da goro wurin Inna. Su ma suna datse rafinsu, wanda ya fi namu girma, kuma suna so in maza sun gama zubi ta kawo matanta su daɓe musu. Washegari na hau babur na je. Bangon ya riga ya wuce kaina, an tula shi haka nan, ƙafata tana nutsewa ina hawa. Daga samansa na hango garin nasu a ƙasa, daidai hanyar ruwa, gidaje sun fi talatin, ga makarantar firamare a bakin rafi.

Mai unguwarsu mutumin kirki ne. Ya sa aka kawo mini ruwa, ya saurare ni har na gama, har da bokitin da na kife masa. Sannan ya ce, "Mun ji labarinka, Malam. An ce kai da kanka ka tabbatar siminti ne ya kashe na garinku. Mu kuwa mun yi tanadin simintinmu, ga shi can a zaure." Na ce abin da na faɗa ranar ba haka yake ba. Ya yi murmushi ya ce Allah ya kiyaye hanya. Na rubuta takarda zuwa inda ya kamata, har yau ban ji amsa ba.

Daga can ban koma Funtua ba, gida na wuce. Na tarar da Inna a tsakar gida tana ɗura ɓawon ɗorawa a buhu. Na zauna a kan turmi na faɗa mata komai. Na ce ruwan bai kai mafita ba, saura kamu biyu, na auna da hannuna. Na ce ta ciki ya bi, kuma ko buhu ɗari na siminti aka zuba da haka zai tafi. Na ce ƙarya na yi mata don na ga ba ta cin abinci. Ba ta katse ni ba, ba ta kuma daina ɗura buhun ba.

Da na yi shiru ta ce, "Wancan karon na haɗa ka da Allah, ka faɗi guda. Yau ba wanda ya haɗa ka da kowa, ka zo da wata. Wacce kake so in ɗauka?"

Na ce ta yau, Inna. Akwai makaranta a ƙasan bangon.

Ta ɗaure bakin buhun, ta dafa gwiwa ta miƙe.

"Mutanen nan wata biyar suna ɗaukar ƙasa a ka. Na karɓi goronsu, ranar Litinin za mu tafi. Kai dai ka yi mani alfarma guda, kada ka zo."